Gidan Manomi, Sunan Suruki

A tsakiyar ƙasar Ingila, cikin lardin Warwickshire, akwai wani ƙauye da a ke kira Shottery, wanda tsakaninsa da garin Stratford bai fi tafiyar mil guda ba. A gefen ƙauyen nan akwai wani tsohon gida dogo mai jinka, bangonsa da ratsin katako, gabansa cike da furanni. Da wuya a sami wani gidan ƙauye a duniya wanda aka ɗauki hotonsa kamar wannan. Ana buga shi a jikin faranti da gwangwanin alewa da katin gaisuwa, har waɗansu masu sha'awa a Amurka da Kanada da Ostiraliya sun gina irinsa sak a garuruwansu. Turawa suna kiransa Anne Hathaway's Cottage, watau bukkar Anne Hathaway, domin nan ne gidan iyayen matar William Shakespeare, babban mawallafin wasannin kwaikwayo na Ingilishi. Hukumar Ingila kuwa ta sa shi cikin daraja ta ɗaya a jerin gine-ginen da doka ta tsare, darajar da ba ta kan samu ba sai ga gini biyu ko uku cikin kowane ɗari na jerin nan.

Babu mai musun cewa gidan ya cancanci tsaro. Abin da ya kamata a bincika shi ne dalilin da ya sa aka tsare shi, da abin da dalilin nan ya jawo masa. Gama wanda ya ajiye abu saboda wani dalili, to, dalilin nan shi zai riƙa gogewa yana nuna wa baƙi, sauran kuwa ya bar su cikin duhu. Gidan Shottery an ajiye shi ne saboda mutumin da bai gina shi ba, bai kuma gaje shi ba, iyakarsa ya zo ya auri 'yar gidan ya tafi da ita. Mutanen da suka sare itacensa, suka yaɓe bangonsa, suka yi ta baibaye shi ɗaruruwan shekaru, sunan suruki ya rufe su.

Kuskuren ya faro tun daga sunan. Kalmar nan "cottage" a bakin mutanen Ingila na da, ɗan gidan talaka ta ke nufi, irin na ɗan ƙodago mai noma gonar wani, ɗaki ɗaya ko biyu, shi ke nan. Wannan kuwa ɗaki goma sha biyu gare shi, har da bene. A zamanin Anne sunansa Hewlands, gonarsa kuwa ta kai eka 90. Kakanta, John Hathaway, shi ya fara karɓar hayar wurin, yana noma yana kiwon tumaki. Ubanta, Richard, har makiyayi gare shi na kansa, sa'ad da ya rasu cikin 1581 kuwa ya bar mata wasiyyar fam 6 da sule 13 da kwabo 4, a ba ta ran aurenta. Cikin 1610 ɗan'uwanta Bartholomew ya sayi gidan da gonar, suka zama mallakarsa, a kan fam 200. In an tuna cewa babban malamin makarantar Stratford fam 20 a ke biyansa a shekara a wancan zamani, sai a ga lalle mai fid da fam 200 ba mazaunin bukka ba ne. Gidan manomi ne mai abin hannu, irin wanda a ke jin maganarsa a ƙauye.

Amfanin gyara sunan shi ne, sai an san irin mutanen da suka yi gini kana a iya karanta ginin. Gidan Shottery kuwa yana karantuwa kamar littafi, ga wanda ya tsaya ya duba daga wannan kai zuwa wancan.

Sashen da ya fi tsufa shi ne na gangare. Masana sun ƙidaya zoben da ke cikin katakonsa, da ya ke itace ya kan ƙara zobe guda kowace shekara, suka gano an yi shi cikin 1463, watau shekara ɗari da ɗaya kafin a haifi Shakespeare. Ɗaki uku ne a lokacin, babu bene. Dabarar da aka kafa shi da ita Turawa suna ce mata "cruck". A kan nemi babban itacen ok wanda ya girma a lanƙwashe, a tsaga shi biyu a tsaye, sa'an nan a kafa tsagin nan biyu suna fuskantar juna, gindinsu a ware, kawunansu a haɗe a sama, kusan yadda bakan gizon soro ya ke. Da ya ke daga itace guda suka fito, lanƙwasarsu ɗaya ce, ba mai rinjayar ɗan'uwansa. A kan jera irin waɗannan a tsawon gida, a gicciya musu wani katako a bisa, a ɗaura tsaiko. Nauyin rufi duka ta cikinsu ya ke bi ya sauka ƙasa. Bango ba ya ɗauke da kome, aikinsa kawai ya tare iska da ruwa.

Saboda haka bangon bai bukaci kauri ba. Tsakanin katako da katako a kan kafa 'yan sanduna, a saƙe su da tsumagu kamar saƙar kwando, a yaɓe ciki da waje da laka wadda aka cuɗa da haki da kashin shanu, in ta bushe a shafa farar ƙasa. Gindin katakon kuwa an ɗora shi bisa dutse don kada damshi ya ci shi. Kome daga kusa aka samo shi, itace daga kurmin Arden, laka daga bayan gida, rufi daga gona. A tsakiyar babban ɗakin a ke hura wuta a ƙasa, hayaƙi ya tashi ya nemi hanyarsa ta cikin jinka. Mutanen gida a nan su ke dafuwa, a nan su ke ci, waɗansu ma a nan su ke kwana.

Sashen tudu kuwa, wanda ya fi tsawo, aikin Bartholomew ne, an gama shi kafin rasuwarsa cikin 1624. Nan an bar tsohuwar dabarar, an kafa ginshiƙai miƙaƙƙu an harhaɗa su kamar akwati, domin irin wannan ya fi ba da sarari a bene. An gina bututun hayaƙi, an shimfiɗa katako a tsakiyar tsohon ɗakin nan mai zurfi, samansa ya zama wurin kwana. Bartholomew ba shi kaɗai ya yi haka ba. Wani limami mai suna William Harrison, cikin bayanin Ingila da aka buga a 1577, ya ce tsofaffin ƙauyensu suna mamakin yawan bututun hayaƙin da ya tsiro a zamaninsu. Manoma sun sami kuɗin ulu da hatsi, sai suka shiga fid da hayaƙi daga ɗaki, suna raba wurin kwana da wurin zama. Masanin tarihi W. G. Hoskins, cikin 1953, ya nuna cewa tsakanin 1570 da 1640 ƙauyukan Ingila sun sake kama da irin wannan gini. A gidan Shottery ana ganin zamanin nan biyu jingine da juna, na kafin canjin da na bayansa, ga kuma wani bututu mai ɗauke da shekarar 1697, ga wuraren da yaɓe ya zube aka cike su da jan bulo daga baya. Wannan shi ne ainihin darajar gidan a wajen masu sanin gini.

Kyansa ma daga nan ya fito. Ba wanda ya zauna ya zana shi a takarda. An bi gangaren ƙasa yadda ya ke, don haka daɓen ɗakunan hawa-hawa ne, doron jinkar ma ya hau ya sauka. Tagogi ba su daidaita da juna ba, gama kowace an huda ta inda a ke bukatar haske. Na bene kuwa jinka ta lanƙwaso ta yi musu kamar gira. Mai kallo ya kan ji daɗin ganin abin da bai ɓoye yadda aka yi shi ba, kowane katako ana ganin abin da ya ke ɗauke da shi.

Amma fa kada kyau ya hana faɗin aibu. Gidan yana da duhu, ƙofofinsa gajeru ne, dogon mutum sai ya sunkuya. Daɓen dutse yana da sanyi a ƙasar da hunturunta ke da tsanani. A bene ɗaki ya kan buɗe cikin ɗaki, mai zuwa na ƙurya sai ya ratsa ta gaban gadon wani. Jinka gidan ɓera ce da tsuntsu, shi ya sa a ke lulluɓe ta da ragar waya a zamanin nan. Babban abin tsoro kuwa shi ne wuta. Tun cikin 1212 aka hana yin sabuwar jinka a birnin Landan saboda gobara. Shi kansa Shakespeare ya ga aikinta, gama gidan wasan Globe, inda a ke nuna wasanninsa, ya ƙone ƙurmus cikin 1613 sa'ad da aka buga igwa a tsakiyar wasa, tartsatsi ya kama jinka. Wanda ya ce mutanen da sun zauna cikin irin gidajen nan don sha'awa, bai san su ba. Abin da ke hannunsu suka yi amfani da shi, da suka sami hali kuwa suka sake.

To, yaya aka yi gidan manomi ya zama bukkar masoya? Abin ya ɗauki wajen shekara ɗari da hamsin. Cikin 1769 shahararren ɗan wasan nan David Garrick ya shirya babban biki a Stratford don tunawa da Shakespeare, daga nan garin ya zama wurin ziyara, baƙi suka shiga neman duk abin da ya taɓa mawallafin. Cikin 1795 wani mai zane, Samuel Ireland, ya buga littafin hotunan kogin Avon, ya sa hoton gidan Shottery a ciki, ya kuma sayi wata kujera a gidan wadda aka ce masa a kanta Shakespeare ya kan zauna zance. Ɗan wannan mutum, William Henry Ireland, shi ne wanda ya ƙirƙiro takardun ƙarya da sunan Shakespeare, har da wasiƙar soyayya zuwa ga Anne. Asirinsa ya tonu ba da daɗewa ba, amma abin ya nuna irin yunwar da mutane ke ji ta labarin soyayyar nan. Inda a ke neman labari da kuɗi a hannu, ba a kan rasa mai sayarwa ba.

A daidai wannan lokaci arzikin zuriyar Hathaway yana ja da baya. Gona ta tafi kaɗan-kaɗan, aka rarraba gidan ya zama mazaunin iyali fiye da ɗaya, daga bisani shi kansa aka sayar da shi, jikokin masu shi suka koma 'yan haya a cikinsa. Watau sunan bukka bai dace da shi ba sai bayan da talauci ya shigo, shekara ɗari biyu da wani abu bayan Anne ta bar shi. Wata tsohuwa daga zuriyar, Mary Baker, ita ce ta riƙa tarbar baƙi tana zagayawa da su. Tana da daɗin baki, tana kuma da bukata. A gefen murhu akwai wani benci mai dogon majingini, ta kan ce a kansa William da Anne suka yi zance, har a kan ɓantari katakonsa a ba mai so ya tafi da shi. Binciken baya ya nuna cewa bencin nan aikin ƙarni na 18 ne, an ƙera shi bayan su biyun sun daɗe a kabari. Ba a zargi tsohuwa ƙwarai ba, gama abin da baƙi suka zo ji shi ta gaya musu.

Cikin 1892 ƙungiyar amintattun nan da a ke kira Shakespeare Birthplace Trust, wadda aka kafa tun 1847 sa'ad da aka sayi gidan da aka haifi mawallafin, ta sayi gidan Shottery. Ta bar Mary Baker a ciki tana tsaro, ana biyan ta da iyalinta fam 75 a shekara. Ɗanta shi ne na ƙarshen zuriyar da ya zauna a wurin, ya tashi cikin 1911. Bayan wannan aka juya kan farfajiya. Gaban gidan manomi wurin aiki ne, da taɓo da juji da kaji da amalanke. Cikin shekarun 1920 aka nemi shawarar wata gwanar lambu, Ellen Willmott, aka mai da wurin lambun furanni. Lambun yana da kyau ƙwarai, ba a ƙi ba. Amma shi ne rabin hoton da duniya ta sani, alhali kuwa Anne ba ta taɓa ganin irinsa a ƙofar gidansu ba. An yi shi ne don ya dace da hotunan masu zane na ƙarshen ƙarni na 19, irin su Helen Allingham, waɗanda suka riƙa zana bukkokin ƙauye cikin furanni a daidai lokacin da mazaunansu ke gudu zuwa birane saboda yoyo da yunwa.

Game da Anne kanta, shaidar da ta haɗa ta da gidan mai ƙarfi ce. Wasiyyar Richard ta ambaci 'yarsa Agnes, sunan da a ke musanya shi da Anne a zamanin. Mutum biyun da suka tsaya lamuni a takardar aurenta, cikin Nuwamba 1582, manoman Shottery ne, abokan ubanta, sunansu kuwa yana cikin wasiyyarsa. Makiyayin gidan, Thomas Whittington, ya ambaci sule 40 nasa da ke hannun matar Shakespeare cikin wasiyyar da ya yi a 1601. Wannan duk ya tabbata. Amma babu wata takarda da ta nuna inda aka yi zance, ko abin da aka faɗa. Abin da aka sani shi ne tana da shekara 26, shi yana da 18, an gaggauta auren, an kuma yi wa 'yarsu ta fari baftisma cikin Mayu 1583. Har wa yau, dogon sashen nan da ya fi ɗaukar ido a hoto, an gina shi ne bayan ta yi aure da kusan shekara talatin. Gidan da ta sani ƙarami ne, mai hayaƙi. Maziyarci yana kallon aikin Bartholomew yana yaba wa William.

Haɗarin jingina darajar gini ga suna ya bayyana sarai a wani ƙauye na kusa, Wilmcote. Tun 1930 ƙungiyar nan ta ke nuna wa baƙi wani kyakkyawan gidan katako a kan cewa nan ne gidan Mary Arden, uwar Shakespeare. Shekara saba'in ana zuwa ana kallo. Cikin shekarar 2000 wani masani, Nat Alcock, ya bi tsofaffin takardu ya gano cewa gidan nan na maƙwabcinsu ne, Adam Palmer, gidan Arden na gaskiya kuwa shi ne wani ƙarami a gefe wanda aka lulluɓe da bulo, ba mai kula da shi sosai. Dare ɗaya suna ya tashi daga wannan gida ya koma wancan. Katakon gidan Palmer bai ragu da ko ɗaya ba, aikin masassaƙinsa yana nan yadda ya ke. In darajarsa ta ragu a idon mutane, ashe tun can ba ginin su ke kallo ba.

Duk da haka adalci ya wajaba. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Ba don sunan surukin nan ba, da wuya gidan Shottery ya kai yau. Dubban irinsa sun tafi. Da jirgin ƙasa ya game Ingila, ya riƙa kawo fallen dutsen rufi daga Wales da araha, mutane suka yi ta yaye jinka. Waɗansu suka rufe da kwano. Waɗansu gidajen hukuma ta rushe su cikin ƙarni na 20 don ta ga ba su dace da zaman ɗan Adam ba, a wurare da yawa kuwa gaskiyarta. Dokar da ta kafa jerin gine-ginen tsaro sosai ba ta zo ba sai 1947, shekara 55 bayan an sayi wannan gida. Suna ne ya riƙe shi kafin doka ta iso. Ya kamata kuma a faɗa cewa ƙungiyar da kanta ta sa aka yi binciken katako da na benci, ita ce kuma ta bayyana kuskuren Wilmcote ba ta ɓoye ba. Sai dai gyaran da a ke yi a bakin mai zagayawa da baƙi bai kan kai inda hoton gwangwanin alewa ya kai ba.

Saura magana guda, ita ce kuwa mafi nauyi, watau maganar jinka. Dokar tsaro abin da ta iya shi ne hani. Ta hana mai gida rushewa ko sakewa sai da izini, wanda ya ƙetare kuwa ya yi laifi. Wannan ya isa ga ginin dutse, wanda in an bar shi ya kan zauna. William Morris, da ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine cikin 1877, koyarwarsa ita ce a riƙa ɗan gyara kullum, a bar tsohon abu a wurinsa, kada a sabunta shi da sunan maidowa. Amma jinka ba ta yarda da a bar ta ba. Ruwa ba ya ratsa ta ne saboda tsayuwarta, gama a kan karkata ta digiri 45 ko fiye, ɗigo ya riƙa gangarawa daga kara zuwa kara, bai shiga ciki ba sai ɗan kaɗan cikin kaurin da ya kai ƙafa guda. Saman nan da ke shan ruwa da rana kullum ruɓewa ya ke yi. Doron jinka ya kan bukaci sabuntawa bayan shekara 10 zuwa 15, rufin karan alkama bayan shekara 20 ko 30, na karan fadama ya kan kai 50. Babu kara ko ɗaya a saman gidan Shottery da ya ga zamanin Anne. A ƙarshen 1969 ma wani mutum ya cinna wa gidan wuta da gangan, wani sashe ya ƙone, aka sake gyara shi. Abin da ya daɗe a rufin nan shi ne sanin yadda a ke yinsa.

Sanin nan kuwa a gona ya ke farawa. Baibayar ƙasar noma irin ta tsakiyar Ingila da karan alkama a ke yinta, alkama irin ta da mai dogon kara, wadda a ke yanka ta a ɗaure dami-dami, a sussuke ta a hankali don kada karan ya karye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manoma suka koma ga iri mai gajeren kara da yawan tsaba, ga kuma injin girbi mai yanka da sussuka gaba ɗaya, wanda ke fid da kara a dagargaje. Sai ya zama wanda zai noma karan rufi, da gangan zai noma shi, da tsofaffin injuna, shekarar da ruwa ya ɓata girbi kuwa masu baibaya su rasa abin aiki. Da yawa suka koma ga karan fadama, wanda mafi yawansa daga waje a ke sayo shi, daga Turkiyya da gabashin Turai har da Sin. Ga ido na nesa duk jinka ce. Amma na fadama ya kan fito a tsaye tsaf kamar an yi masa aski, na alkama kuwa da taushi, yana bin lanƙwasar gida. Har wa yau, al'adar masu karan alkama ita ce su yaye ruɓaɓɓen sama kawai su ɗora sabo, na ƙasa ya zauna. Ta haka ne wani masanin tsirrai, John Letts, ya sami gidaje wajen 250 a kudancin Ingila waɗanda ƙasan jinkarsu ke nan baƙi ƙirin da hayaƙin murhun shekara 500, har da zangarniyar hatsin da aka daina nomawa. Mai sa karan fadama sau da yawa sai ya yaye duka har tsaiko, ya zubar da wannan a juji.

Mutanen Japan sun fahimci wannan a ƙauyen Shirakawa, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren gadon duniya a 1995. Manyan gidajensu na jinka sun tsaya ne bisa wata al'ada irin ta gayya, inda mutum ɗari ko fiye su kan taru su baibaye gidan ɗayansu, yara suna miƙa ciyawa suna koyo. A Ingila gayya ta mutu tuntuni, baibaya ta zama sana'ar 'yan kaɗan, tsadarta kuwa ta sa rufin da talaka ya yi don ba shi da wani, yanzu sai mai kuɗi ke iya riƙe shi. Jerin tsaro ya rubuta gida, bai rubuta manomin alkama da mai baibaya da almajirinsa ba, alhali in waɗannan uku suka ƙare, takardar daraja ta ɗaya ba ta tare ruwan sama.

Saboda haka hukuncin da ya dace da gidan Shottery shi ne, ya cancanci darajarsa, har ma ya fi ƙarfin dalilin da a ke bayarwa. Da za a wayi gari a gano wata takarda da ta raba Anne da shi, yadda aka raba Mary Arden da gidan Palmer, da bai kamata a rage masa kome ba, gama gidan da ya nuna yadda manomin Ingila ya tashi daga murhun tsakar ɗaki zuwa bene, zuriya goma sha uku a wuri guda, ba shi da yawa. Abin da ya rage ga masu riƙonsa shi ne su sa sunan Hewlands kusa da sunan da aka saba, su bar wani gefen farfajiya ya nuna aikin gona, su kuma mai da ranar baibaya ranar kallo da koyo, da ya ke ita ce ranar da gidan ke yin abin da ya saba yi tun 1463. Mai ziyara kuwa, in ya shiga, ya ɗan bar benci da furanni, ya ɗaga kai ya dubi lanƙwasassun katakan nan biyu inda suka haɗu a sama. Masassaƙin da ya tsaga su bai san za a haifi wani Shakespeare ba, rufi kawai ya ke so ya tsaya, ya kuwa tsaya shekara ɗari biyar da sittin.